Bayan Zuciya

Ɗakin da nake koyon gani ba shi da taga.
A ƙasan asibiti yake, a birnin Hull,
kusa da inda ake tura amalanken wanki.
Allo uku a gabana, shayin da ya huce tun sha biyu,
ƙirjin mutane na shigowa ɗaya bayan ɗaya,
ba sallama, ba fuska.

Kakana maɗori ne a Kazaure.
In zai duba karaya rufe ido yake yi,
ya bi ƙafar da yatsu kamar mai laluben allura a tabarma,
ya ce, "Nan ne."
Kuma nan ɗin ne.
Ni idona biyu a buɗe, ga na'ura mai tsadar gari guda,
amma a watana na bakwai abu ya wuce ni.

Namiji, sittin da takwas, tarin mako shida.
Na duba huhun dama, na duba na hagu,
na ƙirga haƙarƙari har ƙasa,
na ce wa makirfo: babu komai.
Ashe akwai.
Ɗan tabo bai fi gurjiya ba
ya laɓe a bayan zuciya.

Ran Laraba, a taron da ake baje kurakurai,
aka haska shi a bango.
Ba a faɗin suna a taron nan,
sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.
Kunnuwana suka ɗau zafi har wuya.

Dakta Holdsworth, wadda ta yi furfura a duhun nan,
ta tarar da ni a bakin butar shayi.
Ba ta ce ba komai ba.
Ta ce, "Tawa malamar makaranta ce.
Shekara talatin, har yau ina ganin kafaɗarta."
Ta zuba madara, ta juya cokali.
"Ido baƙo ne, bakin titi ya sani.
Ki koya masa lungu:
ƙarƙashin ƙashin wuya, bayan zuciya,
can gefen hoto inda ba wanda ya aike ki.
In kin ga abu ɗaya, kar ki tashi.
Sau da yawa yana da ƙane."

Daga nan na zama mai bin lungu.
Na haddace lissafin haske a cikin bas,
ruwa na dukan gilashi a titin Anlaby,
tsuntsayen teku na faɗa a kan ledar dankali.
Jarrabawa ta kayar da ni sau ɗaya, na tashi na kakkaɓe.
Har ya kai in na kalli mai tsaye a layi
sai in ga ƙugunsa ya fara cinyewa,
in sunkuyar da kai kamar na leƙa ɗakin wani.

Inna ta ce a waya,
"Wai ke likitar mece ce, da ba kya taɓa mara lafiya?"
Na yi dariya. Ban sami amsa ba.

Daren jiya, uku da kwata,
aka aiko hoton cikin wata mata, ana neman tsakuwar ƙoda.
Ga tsakuwar, fara tas, kamar tana jirana.
Ban tashi ba.
Na hau sama yanki-yanki har gindin huhu,
sai ga gudan jini ya toshe hanya, shiru abinsa.
Na kira na sama, yatsana a kan allo,
na ji bakina ya ce da Hausa, "Nan ne."

Shi kuwa mai tarin, an ce an yi masa aiki,
an ce ya koma gida wajen matarsa.
Zan gane haƙarƙarinsa cikin dubu.
Fuskarsa ban sani ba.
Ƙila shi ne dattijon da ya matsa mini a bas da safe,
ya ce sanyi ya yi yawa yau,
na ce ƙwarai kuwa,
ina sauraron numfashinsa.